Baƙin Ƙafar Mota

Wata Lahadi da hantsi, kasuwar Mai'adua ta fara cika, na tsaya a bakin hanya ina jiran a wanke mini mota, sai idona ya kai kan wani yaro da bai wuce shekara goma sha biyar ba. Ya gama da wata Camry, jikinta sai ƙyalli take yi, gilasai tas, amma ya tsuguna a gaban ƙafar gaba ta hagu ya kasa tashi. Ya goga da soso, ya ƙara omo, ya sake dirzawa. Baƙin da ya maƙale a lungunan rim ɗin ko gezau. Mai motar yana tsaye da makulli a hannu yana duba agogo, ga alama kara yake son shiga kafin a gama da shanun kirki. Sai na ga yaron ya miƙa hannu bayan bokiti ya jawo wata robar ruwan sha, abin da ke cikinta kuma ba ruwan sha ba ne. Tun bai buɗe ba na san ko mene ne, domin ni ma na taɓa riƙe irinta.

Saboda yaron nan nake wannan rubutu, shi da ire-irensa daga nan har Daura, Zango da Sandamu, ku da bokiti da soso suka zame muku jari. Ƙannena, 'ya'yana, sana'arku sana'a ce, kada ku yarda wani ya raina muku ita. Ni da ita na ɗinka wa kaina kayan Sallah shekaru da dama. Sai dai akwai ilimi a cikinta wanda ba kowa ke tsayawa ya koyar ba, mafi yawansa kuma a ƙasa yake, wurin ƙafa, inda sai an durƙusa ake gani.

Baƙin nan ba dattin hanya ba ne. Ƙurarmu ai mun san ta. Akwai jar ƙasar burji ta hanyoyin ƙauye, akwai farin hazon hunturu da iska ke kwasowa daga arewa, akwai taɓon damina gauraye da kashin shanu a bakin kara. Duk waɗannan daga waje suke zuwa su kwanta a jikin mota, ruwa da sabulu su tashe su. Baƙin rim daga cikin motar yake fitowa.

Ku leƙa ta tsakanin yatsun rim ɗin. Za ku ga wani faifan ƙarfe mai kauri da ke juyawa tare da taya, bakanikai suna ce masa dis. A gefensa akwai wani abu kamar muƙamuƙi da ya cije shi, kalifa ke nan, a cikinta kuma fad guda biyu, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje. Duk sa'ad da direba ya taka birki, man birki ne ke tura fad ɗin nan su matse faifan. Gudun motar sai ya koma zafi, zafin da kan kai ɗaruruwan digiri idan an taka da ƙarfi ko an daɗe ana takawa. A kowane taki fad yana ɗan cinyewa, faifan ma yana ɗan cinyewa, kamar yadda dutsen niƙa da ɗansa ke cin juna a hankali. Garin da ke zuba shi ne baƙin da kuke fama da shi. Mafi yawansa baƙin ƙarfe ne, sai wani abu mai kama da gawayi, da ɗankon da aka haɗa fad ɗin da shi, wani lokaci har da jan ƙarfe.

Mai shakka ya gwada. A samo maganaɗisu daga tsohuwar sifika, a naɗe shi a leda, a jefa a gindin bokitin da aka wanke ƙafafu da shi. In an ciro za a ga baƙin gari ya tsaya a jikinsa kamar gashi.

Ga abin da ya sa ƙafafun gaba suka fi na baya baƙi. In an taka birki nauyin mota gaba yake zubewa, birkin gaba ne ke ɗaukar wajen kashi biyu cikin uku na aikin. Ƙananan motoci da yawa ma birkin bayansu durom ne, rufaffe, garinsa a ciki yake taruwa. Za ku kuma lura motocin Jamus, irin su Marsandi da Golf, galibi sun fi na Japan fitar da baƙi, saboda irin haɗin fad ɗinsu. Ba ƙazantar mai motar ba ce.

To, me ya sa yake kafewa haka? Rim ɗin da ake ce wa aloy alminiyam ne, danginsu ɗaya da ƙarfen da ake zuba tukwanen girki da shi, an gauraya shi da wasu ma'adanai don ya yi ƙarfi. Shi ya sa ya fi wilin ƙarfe rashin nauyi, ya fi shi sakin zafi, ya kuma fi shi tsada. Amma abin da sosonka ke taɓawa ba alminiyam ɗin ba ne. A kansa akwai fenti, a kan fentin akwai wata siririyar riga mai garai-garai wadda ido ba ya ganinta, ita ce ke ba shi sheƙi, ita ce kuma ke tsare shi. Garin birki da zafinsa yake faɗowa a kan rigar nan, sai ya nutse a cikinta kamar yadda tartsatsin walda ke nutsewa a jikin roba. In an bar shi ya yi makonni, raɓa ta sauka ko ruwan damina ya jiƙa shi, ƙarfen ya yi tsatsa a inda yake, ya kumbura, ya ci gaba da cin rigar. Ƙananan ɗige-ɗigen nan masu ruwan ƙasa da kake ji kamar yashi a ƙarƙashin yatsa, su ke nan. Duk wayon wanke rim bai wuce wannan ba: ka cire ƙarfen, ka bar rigar.

Ni ban san haka ba sa'ad da nake ɗan shekara goma sha bakwai. A lokacin rim ɗin aloy bai yi yawa ba, yawancin motoci wilin ƙarfe ne da marfi a kai. Akwai wani dattijo ɗan kasuwa da ke sauka daga Damagaram kusan duk mako, ya biyo ta Matamaye da Ɗan Barto ya shigo ta Kwangwalam, ya kawo mini Marsandinsa in wanke. Mutum ne mai son motarsa, ba ya kuma taya. Wata rana na yi, na yi, baƙin gaba ya ƙi fita, sai wani da ya girme ni a wurin ya miƙo mini ruwan soda da ya jiƙa, ya ce in shafa in ga ikon Allah. Na shafa. Abin ya yi kumfa, baƙin ya zubo, rim ya yi fari fat. Dattijon ya ji daɗi har ya ƙara mini kuɗi. Da ya dawo bayan mako biyu, sheƙin ya mutu, rim ɗin gaba duka biyu sun yi dabbare-dabbare kamar kan yaro mai makero, gefen notuna har ya fara saɓulewa. Bai ɗaga murya ba. Ya kira ni gefe ya tambaye ni abin da na sa, na faɗa masa gaskiya. Ya ce da na gaya masa tun farko cewa baƙin ba zai fita ba, da ya tafi da abinsa, don baƙi bai hana shi zuwa ko'ina ba. Bai nemi in biya shi ko kwabo ba. Bai kuma sake kawo mini mota ba. Ina ganinsa yana wucewa ranar Lahadi, ya ɗaga mini hannu, in ɗaga masa. Har yau in na tuna sai in ji nauyi a ƙirjina, domin mutumin ya miƙa mini dukiyarsa ne ya juya baya, bai tsaya gadi ba.

Soda tana cin alminiyam, ba wani sirri ba ne. Ku tambayi matan da ke haɗa sabulu a gida: ba mai jiƙa soda a tukunyar alminiyam, sai a roba. Duk inda rigar rim ta ɗan tsage, ko dutse ya taɓa ta, ko ƙarfen mai faci ya karce ta, nan soda za ta shiga ta bi ta ƙarƙashi tana ɓarna bayan motar ta tafi. Ruwan batir ma haka. Asid ne mai ƙarfi, yana cin rim, yana cin notuna, yana huda wando, in ya faɗa ido kuwa sai addu'a. Wanda aka tsiyayo daga tsohon batir ya ƙara da wani sharrin, don akwai dalma a cikinsa, gubar nan da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010.

Soson ƙarfe, samfefa, yashi da toka ba sa ƙona hannu, shi ya sa kuke ganin ba su da laifi. Amma kankare rigar suke yi. Yau rim zai yi haske, gobe duk karcen da ka yi ya zama ɗakin kwanan garin birki, wanki na gaba ya fi na yau wuya, na gabansa ya fi shi. Ka ƙara wa kanka aiki, ka rage wa mai mota dukiya.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ruwan da ake sayarwa a robar da babu rubutu, a ce na wanke rim ne ko na haskaka alminiyam. Wasu daga cikin irin waɗannan ruwaye suna ɗauke da wani asid da ake kira haidirofulorik, ko ɗan'uwansa, wanda har gilashi yake ci. Mugun halinsa shi ne ba ya yin zafi nan take in an surka shi da ruwa. Sai ka yi aiki da shi da hannu tsirara, ka wanke, ka ci abinci, ka koma gida. Da dare raɗaɗi ya tashe ka daga ƙarƙashin farce, domin ya riga ya ratsa fata yana bin sinadarin da ke gina ƙashi. A ƙasashen waje ma'aikatan wankin mota sun sha zuwa asibiti saboda shi, wasu sun rasa kan yatsa. Ina roƙonku don Allah, abin da ba ku san sunansa ba kada ku sa hannunku a ciki, ko da maigidanku ne ya miƙo. In kuwa tsautsayi ya sa ya taɓa ku, ku zuba ruwa mai yawa a wurin, ku daɗe kuna zubawa, sannan ku tafi asibiti da robar a hannu, ko ba ku ji zafi ba. Hannun nan da shi za ku yi noma, da shi za ku riƙe alƙalami, da shi za ku ɗauki 'ya'yanku.

Yanzu ga yadda ake yi.

Motar da ta taso daga Kano ko Katsina ta tsaya a gabanka, ƙafarta wuta ce. Kada ka watsa mata ruwa. Ƙarfe mai zafi in ya gamu da ruwan sanyi kwatsam yana iya karkacewa, daga nan duk sa'ad da direba ya taka birki a guje sai sitiyari ya riƙa kakkarwa, bai san a wurinka ya samo ba. Sabulu ma bushewa yake yi a kan rim mai zafi ya bar tabo. Ka kai ta inuwa, ka fara da kakkaɓe ciki da shimfiɗun ƙafa. In ka kusantar da bayan hannunka ga rim ka ji babu hucin zafi, to lokaci ya yi. A rana irin ta bazara, inuwar dalbejiya ɗaya ta fi maka kowane sinadari amfani.

Ƙafafu bokitinsu daban, sosonsu daban, tsummansu daban. Wannan kada ku yi wasa da shi. Soson da ya shiga rim ya kwaso garin ƙarfe, in ya hau bonet ya zama samfefa, shi ne ke jawo zanen nan mai kama da saƙar gizo da ake gani a jikin baƙar mota in rana ta haska ta. Ka kuma wanke ƙafafu kafin jiki, don abin da ya fantsamo daga ƙasa ya tafi a wankin sama.

Fara da ruwa zalla ka kore yashi. Sannan ka kaɗa sabulu mai laushi, na wankin mota in akwai, in babu ɗan sabulun ruwa na wanke-wanke ya fi omo mai yawa, ka jiƙa rim ɗin sosai ka bar shi minti uku zuwa biyar, kana ƙara masa kumfa don kada ya bushe. Nan ne yawancinku kuke faɗuwa, jiran nan ne ba ku iyawa. Ba kuwa zama za ka yi ba: ka jiƙa ta hagu, ka zagaya ka jiƙa ta dama, kafin ka dawo ta farko ta yi laushi. Sai burushi mai taushi, irin na masu fenti ya isa. Tsohon burushin haƙori ya shiga ramukan notuna da gindin bakin iska. Ka naɗa tsumma a sanda ka zura ta tsakanin yatsun rim ka kai ciki, domin can ne baƙin ya fi taruwa, daga can kuma yake zubowa ya ɓata maka aiki da zarar an taka ruwa. Ka sa a gangara motar kaɗan, taya ta yi rabin juyi, ka ga inda kalifa ta ɓoye maka. Ka ɗauraye. In da saura, ka maimaita daga farko. Zagaye biyu ko uku na haƙuri suna fitar da abin da ƙarfi ba ya fitarwa.

Na san tsadar ruwa, na san jarka nawa kuke saye a wurin 'yan garuwa kafin ku ga ribar yini. Hanyar nan ba ta cin ruwa kamar yadda kuke zato, jiƙo ne ke yin aikin, moɗa biyu ko uku ta isa ɗaurayar kowace ƙafa. In ka gama ka goge da busasshen tsumma, don ruwan rijiya da na burtsatse in suka bushe da kansu suna barin farin tabo.

Baƙaƙen ɗigon kwalta kuwa, ɗan kananzir a bakin tsumma yana narkar da su, a bi da sabulu nan take. Kada a kwarara shi, kada a watsa fetur ko gas ta cikin rim, don duk man da ya taɓa dis da fad yana rage kamun birki. Haka baƙin man da wasu ke shafa wa taya don ta yi sheƙi: yana lalata robar, yana kama ƙura, yana kuma iya fantsama ciki.

Akwai tsatsar da ta riga ta nutse, sabulu ba ya kai mata. Domin ita aka yi wani magani na musamman wanda akan samu a manyan shagunan kayan mota na birane. Alamarsa ba ta ɓuya: wari gare shi kamar ruɓaɓɓen ƙwai, in aka fesa shi a rim mai sanyi, cikin 'yan mintuna sai a ga yana zubar da ruwa ja-ja mai duhu kamar zoɓo. Launin nan shaida ce cewa ya gamu da ƙarfe yana narkar da shi, ita rigar kuma bai dame ta ba. Danginsu ɗaya da sinadarin da ake sa wa a wasu mayukan gyaran gashi. Da tsada, amma in kun haɗa kuɗi ku uku ko huɗu kuka sayi kwalba ɗaya mai cikakken rubutu, kuka ajiye ta don motocin da suka yi nisa, za ta biya kanta. A sa safar hannu, kada a bari ya bushe a jikin rim, a ɗauraye shi sosai. In ba ka iya karanta abin da ke jikin kwalbar ba, ka nemi wanda zai karanta maka, ba abin kunya ba ne. Bayan an gama, ɗan folish irin na jikin mota da aka shafa wa busasshen rim yana sa garin birki ya kasa kamawa na wasu makonni.

Wani baƙin kuma ba zai fita ba har abada, domin ba datti ba ne, rami ne, tsatsa ta riga ta cinye wurin. Wannan aikin mai fenti ne. Ka faɗa wa mai motar haka, ka tsaya a nan.

Sai maganar huhu. Na sha ganin yara suna karɓar tiyon iskar mai faci su hura cikin rim, baƙin hayaƙi ya tashi, suna tsaye a cikinsa. Kada ku yi. Shekaru da yawa da wani ma'adani mai zare-zare da ake kira asbestos ake haɗa fad da lainin birki, saboda yana jure wuta. Daga baya aka tabbatar zarensa in ya shiga huhu ba ya fita, yana jawo ciwon daji da ƙuncin numfashi bayan shekara ashirin ko talatin. Ingila ta haramta shi gaba ɗaya a 1999, Tarayyar Turai a 2005, Amurka ta sanar da haramta nau'insa na ƙarshe a 2024, amma har yanzu akwai ƙasashen da ke haƙo shi suna aiki da shi. Kai da ke tsugune a gaban mota ba ka da hanyar sanin irin fad ɗin da aka ɗaura mata, balle mai arha da ya zo a kwali babu sunan kirki. Ko babu asbestos ma, garin ƙarfe ba abincin huhu ba ne. Turawa sun ɗauki abin da girma har sabuwar dokar hayaƙin motocinsu, Euro 7, da suka amince da ita a 2024, ta sa iyaka ga ƙurar birki. Kai taka dokar mai sauƙi ce: kullum a jiƙe za ka taɓa shi. Ka wanke hannu da sabulu kafin ka kai ƙosai ko goro baki. Baƙin ruwan bokitin nan kuma kada ka zubar da shi inda dabbobi ke sha ko kusa da bakin rijiya. Garinmu garin dabbobi ne.

Abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci a wurina shi ne wanda kusan ba wanda ke gaya muku. Direba yana iya yin wata shida bai durƙusa ya kalli ƙafar motarsa ba. Bakanike sai an kai masa yake gani. Kai ne kaɗai ke zura ido da hannu a wurin duk mako. Baƙin nan kuwa labari yake bayarwa, in ka iya saurare.

Kafin ka zuba ruwa, ka zagaya ka dubi ƙafafun bibbiyu, hagu da dama. Ya kamata baƙinsu ya zo kusan ɗaya. In ɗaya ta yi baƙi ƙirin 'yar'uwarta kuwa sama-sama, sau da yawa kalifa ce ta cije ba ta saki, fad yana gogar dis ko ba a taka ba. Irin wannan ƙafar za ka ji ta fi sauran zafi, har da ƙauri. In kuma ɗaya ta yi tsabta fiye da kima, mai yiwuwa ba ta kamawa ne sam, motar da birki uku take tafiya. In ka ga baƙin a jiƙe yake, ya yi maiƙo, babu ruwan sama babu taɓo, to wani abu na yoyo: ko man birki, ko giris daga robar shaf da ta yage. In ka ga garin yana ƙyalƙyali kamar an fere ƙarfe, faifan kuma ya yi zane mai zurfi da farce ke maƙalewa a ciki, fad ya ƙare, ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Bayan ka wanke, ido zai iya ganin abin da datti ya rufe: tsaga siririya kamar gashi a gindin yatsan rim, baki da ya lotse saboda rami, noti ɗaya da babu, ƙulli a gefen taya.

Ku tuna yadda hanyar Daura zuwa Kwangwalam take ranar kasuwa. Tireloli cike da shanu za su kudu, 'yan acaɓa da buhu uku a baya, amalanke, garken awaki da ke tsallakawa ba sallama, 'yan mata masu talla da ke rugawa duk inda mota ta rage gudu. Tsakanin motar da ka wanke da ɗaya daga cikin yaran nan, wata rana, babu komai sai fad ɗin nan biyu da ka leƙa ka gani. Watakila ƙanwarka ce.

Saboda haka ka faɗa. Na san nauyin da yaro ke ji a gaban babban mutum, ya ga kamar shisshigi ne. Akwai yadda ake faɗa. Ka russuna ka ce, Alhaji, Allah ya ba ka haƙuri, na ga wani abu a ƙafar nan, ko za ka duba? Ka nuna masa da yatsa, ka ce ya sa bakanikensa ya leƙa. Kada ka yanke hukunci, kai ba bakanike ba ne, kada kuma ka kwance abin da ba a sa ka ba. Wani zai yi maka godiya, wani zai ce kai dai wanki aka sa ka. Ko wanne ne, ka sauke naka. Na kuma ga yara da dama da suka fara daga wannan leƙen suka ƙare da garejin kansu, domin wani maigida ya lura yaron nan yana da ido.

Kuɗi ma a yi maganarsa tun kafin a taɓa ruwa. Rim ɗin da ya shekara ba a wanke cikinsa ba aikin awa guda ne ko fiye, ba daidai yake da wankin yau da kullum ba. Ka nuna wa mai motar, ka ce wannan aiki ne daban, ga abin da zai ci, ga lokacin da zai ɗauka, ga kuma inda ba na jin zai fita. In yana sauri, ka yi masa na sama, ka ce ya kawo ta ranar da ba kasuwa. Gaggawar mai mota ce ke tura yawancinku ga robar nan ta bayan bokiti, alhali in an ba shi zaɓi a fili, da wuya ya zaɓi a ƙona masa rim. In dillali ya kawo mota ya ce ka fesa farin fenti a kan tsaga don mai saye kada ya gani, ka ba shi haƙuri, wannan ba wanki ba ne. Riƙon amana irin wannan shi ke riƙe muku mutane. Kun dai ga abin da ya faru da aka rufe iyaka a 2019, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar: baƙin motoci suka ɗauke, kasuwa ta yi sanyi. Waɗanda na ga sun ci gaba da samun na abinci su ne masu mutanen gari da ba sa kai motarsu ko'ina sai wurinsu.

Yaron nan na ranar Lahadi, na matsa na riƙe masa hannu kafin ya buɗe robar, na roƙi mai motar ya ba mu minti goma. Muka jiƙa, muka jira, muka bi da burushin haƙori. Zagaye na biyu yawancin baƙin ya fita, saura ɗige-ɗige a lungu biyu, yaron da bakinsa ya gaya wa mutumin cewa waɗannan sai wani jiƙon. Da mutumin ya shiga ya tayar, na ce wa yaron akwai sauran abu ɗaya: birkin da ya sha ruwa ba ya kamawa sosai a takin farko. Ya ruga ya ƙwanƙwasa gilashi ya ce, Baba, kafin ka hau kwalta ka ɗan taka birki sau biyu ko uku a hankali, akwai ruwa a ciki. Muna tsaye muka ga jar fitilar baya ta kama, ta mutu, ta sake kamawa, sannan motar ta karya kwana ta nufi kara.